Ɗana, Kafin Ka Ɗaga wa Alƙalin Wasa Murya

Ɗana, da ke 'yata, da duk mai ɗaura takalmi ya shiga filin ƙwallon kwando da rigar makaranta, ku ba ni aron hankalinku. Na daɗe ina busa usur a wasannin makarantun sakandare a Amurka, kuma yaranmu iri biyu nake gani a filayen nan: waɗanda aka haifa a nan, da waɗanda hazaƙarsu ta ɗauko su daga Kano ko Zariya ko Yamai ta kawo su karatu. Hanyar ba sabuwa ba ce. Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya, sai da ya bi ta wata makarantar sakandare a Siyatil kafin duniya ta san shi a shugabancin Toronto Raptors. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne in ga yaro mai tsawo, mai gudu, mai saiti, yana zaune a benci tun ba a je hutun rabin lokaci ba, ya cika ya batse, ya tabbata an zalunce shi. Galibi kuwa ba wanda ya zalunce shi. Dokar da yake kuka da ita ce babu ita a littafin da ake yi masa hukunci da shi.

Littattafan uku ne. Akwai na NBA, wanda kuke kallo a waya da talabijin. Akwai na FIBA, wanda ake bi a Najeriya da Nijar da gasannin ƙasa da ƙasa. Sai na NFHS, tarayyar hukumomin wasannin sakandare ta jihohin Amurka mai hedikwata a Indiyanafolis, wanda galibin makarantun nan ke bi. Kwata ɗaya minti 12 ne a NBA, minti 10 a FIBA, minti 8 a makaranta. Fawul 6 ke fitar da ɗan NBA, kai kuwa naka 5 ne. Akwai kuma littafi na huɗu da ba a taɓa bugawa ba, na 'yan kallo da filin unguwa, kuma ya fi sauran ukun yaɗuwa. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, gaskiya ne, amma alƙalin da ke gabanka littafi ɗaya aka ba shi.

Ihun da ya fi cika mana kunne shi ne, "Ya hau bayansa!" Ƙwallo ta bugi ƙarfen kwando ta dawo, gajere yana gaba, dogo yana baya, dogon ya yi tsalle ya miƙa hannu ta saman kan gajeren ya ɗauke ta. Nan take sai fili ya kaure da ihu, iyaye su miƙe tsaye. Alƙali kuwa ko gezau, kuma shi ke da gaskiya. Tsayawa a bayan mutum ba laifi ba ne, tsawo ma ba laifi ba ne. Laifin shi ne ka ture shi, ko ka danne shi, ko ka gusar da shi daga inda ya riga ya kama. In ba a taɓa jikinka ba, babu fawul, komai munin abin a ido. Don haka, ɗana, in kai ne gajeren, daina jiran usur. Ja da baya ka haɗa jikinka da nasa tun ƙwallo tana sama, ka tsare wurinka, ta yadda ba zai kai gare ta ba sai ya ture ka. A lokacin ne usur zai yi maka aiki. In kuwa kai ne dogon, kada ihun mutane ya sa ka riƙa noƙewa kana barin abin da yake halalinka.

Haka zancen miƙa hannu yake. Mai tsaro yana da ikon kai hannu wurin ƙwallo sau nawa ya ga dama. Sai ya bugi damtse ko ya riƙe mutum sannan ya yi laifi. Har ma littafin makaranta ya ce, in hannunka yana kan ƙwallo, mai tsaro ya kai wa ƙwallon hari ya taɓa hannun nan, ba fawul ba ne. Za ka ji ƙarar tafi, za ka ji zafi, amma wasa zai ci gaba. Na sha ganin yaro ya tsaya yana nuna mini bayan hannunsa, abokin karawarsa kuwa ya riga ya kai kwando.

Wurin da na fi so ku tsaya ku fahimta shi ne karo tsakanin mai ƙwallo da mai tare masa hanya, domin nan ne fawul ke taruwa wa yaro har a fitar da shi. Abin da aka koya wa yawancinku shi ne, wai mai tsaro sai ya ƙame ƙam kafin a ba shi gaskiya, in ƙafarsa ta motsa to laifinsa ne. Ba haka ba ne. Abu biyu ake nema gare shi da farko: ƙafafunsa biyu su taɓa ƙasa a cikin fili, ƙirjinsa kuma ya fuskanci mai ƙwallo. Da zarar ya sami wannan matsayi, yana da ikon matsawa gefe, ko ja da baya, ko tsalle sama miƙe, har ma ya ɗan juya ko ya sunkuya don kare kansa daga karon. Abin da aka hana shi shi ne ya matso gaba ya shiga jikin mai ƙwallo a lokacin haɗuwar, ko ya miƙo gwiwa ko kwankwaso ko kafaɗa ya tare hanyar da bai riga ya kama ba. In mai ƙwallo ya zo ya daki tsakiyar ƙirjin wanda ya riga shi wuri, laifin mai ƙwallo ne, ko da ƙafafun mai tsaron suna tafiya.

Ka ga amfanin sanin wannan? Yaron da ya yarda sai an ƙame, shi ne wanda ake wucewa kamar an dasa shi, ko kuma ya makara ya miƙa ƙafa a busa masa. Wanda ya san dokar kuwa ƙafafunsa suke aiki, ƙirjinsa yana gaba, hannuwansa a sama. Sharaɗi ɗaya kawai za ka riƙe: in mai jifa ya riga ya tashi sama, ba ka da ikon shiga ƙarƙashinsa. Dole ka kama wurin kafin ƙafarsa ta bar ƙasa. Wannan dokar don kare ƙashin mutane aka yi ta, kuma ba na sassauta ta ga kowa.

Kai da ka zo daga gida, ga wani abu da zai ba ka mamaki. Rabin da'irar nan da ke ƙarƙashin kwando a filayen FIBA da NBA, inda mai tsaro ba ya samun fawul ɗin karo in ya tsaya a ciki, ba ta cikin littafin NFHS. Wani lokaci za ka ga zanenta a ƙasa saboda filin na kwaleji ne aka aro, amma ba ta aiki a kanka. Mai tsaro zai iya tsayawa daidai ƙarƙashin raga ya jira ka, ka zo da gudunka ka ture shi, a soke ƙwallonka a rubuta maka fawul. Shi ma mai tsaron kada ya ce zai yi wayo: tun kakar 2024 zuwa 2025, faɗuwar ƙarya don yaudarar alƙali tana jawo gargaɗi ga ƙungiya, in aka sake kuma fawul ɗin tekinikal.

Sai tafiya da ƙwallo, wadda kuke kira tirabulin. Ku manta da ƙirga taku; littafin makaranta ƙafar turke yake kallo. Kamar akuyar da aka ɗaure ce, tana iya zagaya turkenta yadda take so muddin turken yana inda aka kafa shi. Mutane da yawa sun ɗauka da zarar ka ɗaga wannan ƙafa ka yi laifi. A'a. Kana iya ɗaga ta don jifa ko miƙa wa abokinka, matuƙar ƙwallon ta bar hannunka kafin ƙafar ta koma ƙasa. Amma in diribil za ka fara, to ƙwallon ce za ta fara barin hannunka kafin turken ya tashi. A nan ne ake kama yawancin masu gaggawa: ƙafa ta riga hannu. Shi kuma takun nan na tattara ƙwallo da kuke gani a talabijin, wanda FIBA ta shigar cikin dokarta a 2017, littafin makaranta bai san da shi ba. Salon da ya wuce lafiya a filin Kaduna ko a bidiyon da ka kwana kana kwaikwayo, a nan za a iya busa maka shi, kuma alƙalin bai yi kuskure ba. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.

A ɗaya gefen kuma, akwai abubuwa da dama da suke kama da tafiya da ƙwallo amma ba ita ba ce. Wanda ke cikin diribil ba ya tafiya da ƙwallo, ko taku nawa ya yi tsakanin bugu da bugu. Wanda ƙwallo ta suɓuce masa yana binta yana lalube bai yi laifi ba, tunda ba ta hannunsa. Wanda ya yi nitso ya kama sakakkiyar ƙwallo a ƙasa, santsi ya ja shi, shi ma lafiya lau. Abin da ba zai yi ba shi ne ya mirgina ko ya yi yunƙurin tashi da ita, sai dai ya miƙa, ko ya jefa, ko ya fara diribil, ko ya nemi hutu. Amma lura da wannan bambanci: in kana tsaye riƙe da ƙwallo ka faɗi, ko gwiwarka ta taɓa ƙasa, a makaranta tirabulin ne, a FIBA kuwa ba laifi ba ne.

Wasu ƙananan kuma, bari in wuce su da sauri. Ka yi jifa da niyyar ci, ƙwallon ba ta taɓa komai ba, kana iya zuwa ka kama abarka. A NBA ne aka hana. Diribil mai tsawo har sama da kai ba laifi ba ne, sai in ƙwallon ta kwanta a tafin hannu. Ƙwallo ta bugi ƙafarka ba da niyyarka ba, ba shuri ba ne. Saman allo da gefunansa da ƙasansa duk cikin fili suke, bayansa ne waje. Abokinka ya tare wa mai tsaronka hanya yana motsi amma bai taɓa kowa ba, babu abin busawa.

Dokar daƙiƙa uku a cikin fenti kuwa, wato akwatin da ke ƙarƙashin kwando, ta raba abokai da yawa. Za ka ji uba yana ƙirgawa da ƙarfi daga kujera, ya kai bakwai, yana mamakin alƙalin da ya kurumce. Abin da bai sani ba shi ne, ƙirgen yana tafiya ne kawai lokacin da ƙungiya ke riƙe da ƙwallo a rabin filin gaba. Da zarar an yi jifa, ƙwallon ba ta hannun kowa, ƙirge ya mutu. Ana iya jifa sau huɗu a jere, ɗan wasa yana cikin fenti duk tsawon lokacin, bai karya komai ba. Kuma wanda ya karɓi ƙwallo kafin ukun ta cika ya nufi kwando kai tsaye, ana barinsa ya ƙarasa. Mai tsaro kuwa ya kwana a fentin in ya so. Dokar da ta hana shi ta NBA ce kaɗai.

Layin tsakiya ma haka. Mai diribil bai shiga rabin gaba ba sai ƙafafunsa biyu da ƙwallon duk sun tsallaka, don haka wanda ya sa ƙafa ɗaya ya janye bai koma baya ba. In mai tsaro ne ya doke ƙwallon ta koma baya, je ka ɗauko abarka. In kana shigo da ƙwallo daga gefen fili a rabin gaba, littafin makaranta ya yarda ka jefa wa abokinka da ke rabin baya, abin da FIBA ta hana. Na ga yaran da suka zo daga gida suna rasa ƙwallo a ƙarshen wasa, daƙiƙa 5 ta cika a hannunsu, alhali ga abokinsu can baya shi kaɗai yana ɗaga hannu. Mai shigo da ƙwallon kuma ba shi da turke: wurinsa faɗin ƙafa 3 ne, yana iya motsa ƙafafunsa ko ja da baya, muddin ƙafa ɗaya tana kan wurin ko samansa.

Baƙo ko da ido makaho ne, shi ya sa nake ƙara jaddada wa sababbin zuwa. A gida daƙiƙa 8 gare ka ka tsallaka tsakiya, a nan 10. A gida daƙiƙa 5 ne jifan kyauta, a nan 10, don haka numfasa. A gida in ƙwallo ta taɓa ƙarfen kwando kowa yana iya doke ta, a nan in tana kan ƙarfen ko samansa kai tsaye ka taɓa ta, an ba abokan hamayya maki, in kuma taku ce an soke. A gida koci kaɗai ke neman hutu ta teburin masu rubutu, a nan kai da kanka kana iya nema in ƙwallo tana hannunku, kuma wannan kan ceci wanda aka ritsa a kusurwa. Sai dai ka san adadin da ya rage muku, domin neman hutun da babu shi tekinikal ne. Abin da ya sami Chris Webber ke nan a wasan ƙarshe na gasar kwalejoji a 1993, kuma har yau da shi ake ba da misali.

'Yata, ga naki na musamman. Kada kowa ya ce miki lulluɓin kanki ya saɓa doka. FIBA ta ɗage haninta a 2017, bayan fafutukar mata irin su Bilqis Abdul-Qaadir, 'yar garin Sifirinfil ta jihar Masacusets, garin da James Naismith ya ƙirƙiro wasan a 1891. Ita ce ta ci maki sama da 3,000 a sakandare da lulluɓinta. Tun 2021 kuma littafin NFHS ya yarda a sa abin rufe kai na addini ba sai an nemi takardar izini daga hukumar jiha ba, in dai ba shi da tauri ko abin da zai ji wa wani rauni, kuma ya zauna daram. Ki sami wanda ba ya bukatar fil. Abin da za a hana ki shiga fili da shi shi ne ɗan kunne da sarƙa da zobe, kuma liƙa filasta a kan ɗan kunne ba ya halatta shi. In za ki yi sabon huji, ki bari sai kaka ta ƙare.

Yanzu bakinka, ɗana. Baki shi ke yanka wuya. A FIBA tekinikal jifa ɗaya ne, a makaranta kuwa jifa biyu ne a kuma ba su ƙwallo, sannan a lissafa shi cikin biyar ɗinka da cikin na ƙungiya. Tun kakar 2023 zuwa 2024, fawul na biyar da ƙungiya ta yi a kwata ɗaya yana ba abokan hamayya jifa biyu, saboda haka kalma ɗaya da ka furta cikin fushi tana iya matso da su kusa da layin kyauta. Tekinikal biyu a wasa ɗaya kuwa sun kore ka, a jihohi da yawa har wasan gaba ba za ka buga ba. Masu neman 'yan wasa daga kwalejoji suna zaune a kujerun nan, kuma ba maki kaɗai suke rubutawa ba. Ba na ce alƙali ba ya kuskure. Muna yi, don ido biyu ne da mu kuma mutum goma ke gudu. Amma akwai hanya. Bari wasa ya tsaya, ka matso cikin ladabi ka ce, "Yallaɓai, me na yi, don in gyara?" Da wuya ka sami alƙalin da zai ƙi amsa wannan, kuma amsar za ta amfane ka a sauran wasan. Matambayi ba ya ɓata.

Ku kuma ƙannena da kuka fara ɗaukar usur, jarabar da za ta fi damunku ita ce busa abin da ya yi muni a ido, ko abin da fili ya yi wa ihu. Ku daure. Ku kalli mai tsaro tun kafin karo, domin wanda idonsa ke kan ƙwallo kaɗai ba zai taɓa sanin wa ya riga wani wuri ba. Abin da ba ku gani ba kada ku busa shi da zato. Ana bukatarku ƙwarai: a 2022 NFHS ta ce kimanin alƙalai 50,000 ne suka bar aiki a wasannin sakandare tun kakar 2018 zuwa 2019, kuma cin mutuncin da suke sha daga manya a bakin fili yana cikin manyan dalilai. Akwai wasannin da ake ɗagewa don babu mai busawa.

Dokokin nan kuma ba sa zama wuri ɗaya. Kowace shekara NFHS tana fitar da gyare-gyare, jihohi ma suna da zaɓinsu. Agogon jifa na daƙiƙa 35, wanda aka ba jihohi damar ɗauka daga kakar 2022 zuwa 2023, wata jiha tana amfani da shi, maƙwabciyarta ba ta yi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin wasanku na farko na bana, je wurin kocinka ka roƙi littafin wannan shekarar, ka fara da babi na 4 inda aka yi bayanin ma'anoni, ka karanta shi tare da mahaifinka in shi ne mai ƙirga daƙiƙa uku daga kujera. Allah ya yi muku albarka, ya kare ku daga rauni.